Mendoza ga wanda ba ya shan giya: ziyarar ta cancanci kuɗin jirgi?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka san ƙasar Ajantina, musamman wanda ya taɓa zuwa birnin Mendoza da ke yammacin ƙasar, a gindin tsaunukan Andes. Aiki zai kai ni Buenos Aires a makon ƙarshe na Fabrairu, kuma idan an tashi daga taron zan samu kwana biyar ba ni da wani uzuri, shi ne wani abokin aikina ɗan ƙasar ya dage lallai sai na je Mendoza. Ya ce nisan ya ɗan haura kilomita 1,000 amma jirgin sama ba ya cika awa biyu, ya kuma ce wanda ya zo ƙasarsu ya koma bai ga tsaunukan ba, rabinta kawai ya gani.

Abin da ya sa nake jan ƙafa shi ne, duk bayanin da na samu game da wurin, giyar inabi ce farkonsa, ita ce kuma ƙarshensa. An ce lardin ne ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na giyar da ake yi a ƙasar, kuma yawancin masu kai baƙi yawo ba su da wani shiri sai zagaya gidajen giya da ɗanɗanawa. Ni kuwa ba na sha, ba na kuma son zama a teburin da ake sha. Ba na so in kashe kuɗin jirgi da na masauki, in ƙare a ɗakin otal ina kallon talabijin da yaren da ba na ji.

Sai dai hotunan da na gani sun ɗaure mini kai. An ce garin a hamada yake, amma titunansa a lulluɓe suke da inuwar manyan itatuwa, gonaki kore shar sun kewaye shi, ga tsaunuka masu farin kai a bayansa. Da wane ruwa aka yi wannan? Idan akwai wanda zai bayyana mini, ya kuma gaya mini tsakani da Allah ko mutum irina zai samu abin da zai cika kwana huɗu ko biyar da shi, da yadda zai yi da abinci, zan yi godiya matuƙa.

Injiniyan Ban-Ruwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, tambayar da ka ajiye a ƙarshe ita ta kamata ka fara da ita, domin amsarta ce za ta warware maka sauran. Na yi mako uku a Mendoza a kan wani aiki da ya shafi rabon ruwan noma, ban shiga gidan giya ko ɗaya ba, kuma har ranar da na tafi ban gama kallon abin da ya kai ni ba.

Ruwan saman da ke sauka a birnin a shekara bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba, kuma mafi yawansa a 'yan tsirarun ranaku yake zuba a lokacin zafi. Da da shi aka dogara, ko ciyawar kirki ba za ta fito ba. Idan kana son ka ga ainihin ƙasar, ka fita 'yan kilomitoci zuwa inda magudanan ruwa suka tsaya, za ka tarar da tsakuwa da ƙura da gajerun itatuwa masu ƙaya har iyakar ganinka. Abin da ya raya wurin shi ne dusar ƙanƙarar da ke taruwa a kan Andes a watannin sanyi, wato Yuni zuwa Agusta, wadda ke narkewa idan zafi ya shigo ta gangaro ta kogunan Mendoza da Tunuyán da Diamante da Atuel. Shi ya sa manomin can ba hadari yake duba ba, kan dutse yake duba, ya ga yawan farin da ya kwanta a bana. Ƙasar da ake ba ruwa ba ta kai kashi 5 cikin 100 na faɗin lardin ba, amma kusan dukkan jama'arsa a cikinta suke zaune. Dausayi ne na gaske, sai dai hannun mutum ne ya yi shi.

Kuma ba Turawa suka fara ba. Lokacin da Pedro del Castillo ya ƙetaro daga Cile ya kafa birnin a ranar 2 ga Maris, 1561, ya tarar da mutanen Huarpe, 'yan asalin yankin, sun riga sun haƙa hanyoyin ruwa daga kogi suna noman masara da wake da kabewa. A kan waɗannan hanyoyi Sifaniyawa suka ɗora nasu, kuma babbar magudanar da ta ratsa birnin a yau tana ɗauke da sunan wani shugaban Huarpe, Guaymallén. Daga manyan magudanai ake yanko ƙanana, har a kai ga 'yan kwatocin da ke bin gefen kowane titi, waɗanda suke kira asekiya. Kada ka ɗauke su kwatocin ƙazanta ne, ruwan itatuwa ne ke bi ta cikinsu, kuma kusan kowace bishiya da ka gani a birnin dasa ta aka yi a bakin asekiya. Ina kuma ba ka shawara ka riƙa kallon ƙasa idan kana tafiya da dare, domin a buɗe suke, wasu sun kai gwiwa zurfi. A daren farko na ɗaga kai ina sha'awar rassan da suka haɗe a sama, sai ji na yi ƙafata ɗaya ta tafi, na kwana biyu ina ɗingishi.

Yadda aka shata birnin ma yana da dalili. A ranar 20 ga Maris, 1861, girgizar ƙasa ta rushe tsohon garin, ta hallaka dubban mutane, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mazaunansa. Da aka tashi sake gini sai aka matsa gefe, aka yi tituna masu faɗi da gidaje marasa tsayi, aka sa babban dandali a tsakiya mai suna Independencia, sannan aka ajiye ƙananan dandali huɗu a kusurwoyinsa, masu sunayen Sifaniya da Italiya da Cile da San Martín, domin mutane su samu filin da za su gudu idan ƙasa ta sake motsawa. Kangon tsohuwar majami'ar San Francisco yana nan a tsohon garin, kusa da gidan tarihin da aka gina a kan harsashin tsohuwar majalisar birni.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai wannan sana'a, shi ne dokar. Tun 1884 lardin yake da dokar ruwa, kuma ginshiƙinta shi ne cewa haƙƙin ruwa a manne yake da gona: ba ka iya sayar da ruwan ka riƙe filin, ba ka kuma iya ɗauke shi ka kai wata gonar. Akwai hukumar ban-ruwa mai cin gashin kanta wadda kundin tsarin mulkin lardin ya tanada, kuma masu gonakin da ke kan kowace magudana su ke zaɓar mai duba ta. A ƙasan wannan tsari akwai mutumin da suke kira tomero, wanda aikinsa buɗe ƙyauren ruwa da rufe shi. Kowace gona tana da ranarta da sa'o'inta, kuma idan layinka ya faɗo ƙarfe 3 na dare, to ƙarfe 3 na dare za ka fito da fitila da shebur. Na raka wani tomero zagaye sau biyu, na ga yadda manoma ke gaishe shi kamar hakimi. Idan ka samu mota, ka je madatsar Cipolletti a kan kogin Mendoza, wadda ke ɗauke da sunan injiniyan Italiya da ya tsara ta a ƙarshen ƙarni na 19, ka ga inda ake karkatar da kogin sukutum zuwa magudanai. Can sama kuma akwai babbar madatsar Potrerillos da aka gama a farkon shekarun 2000, wadda ta zo da wata matsala da ta ba manoma mamaki: laka tana kwantawa a tafkin, ruwa ya fito garau, shi kuwa ruwa garau ya fi saurin tsotsewa a magudanan da ba a yi wa siminti ba, domin dā lakar ce ke toshe ƙofofin ƙasa.

Ranar farko ka yi ta a ƙafa. Ka bi dandalolin nan biyar, ka miƙe yamma zuwa lambun shaƙatawa na San Martín, wanda Carlos Thays ya tsara a 1896, mai faɗin kusan hekta 400, kuma duk da ruwan asekiya ake raya shi. Ka hau tudun Cerro de la Gloria da ke cikinsa da la'asar, daga nan za ka ga inda kore ya ƙare hamada ta fara, kamar an ja layi da wuƙa.

Hajiya Mai Ziyara ta rubuta:

Malam Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi, amma ina ganin ya ɗan sauƙaƙa wa mai tambaya lamarin, domin shi aiki ya kai shi, masu gonaki da ma'aikatan ruwa ne abokan yininsa. Baƙon da ya je yawon buɗe ido ba haka zai tarar ba. Ni da maigidana mun yi kwana shida a can, kuma gaskiyar magana ita ce giya tana ko'ina: a tagar shaguna, a filin jirgi, a kan teburin otal a matsayin kyautar maraba. Da muka ce wa mai masaukinmu ta ɗauke kwalbar, sai da ta tambaye mu ko ba mu da lafiya ne. Ba raini ba ne, abincinsu ne kuma abin alfaharinsu, kuma da zarar ka yi bayani sau ɗaya ba mai sake matsa maka.

Game da gonaki, ɗan'uwa, ya kamata ka bambance abu biyu da masu talla ke haɗewa. Akwai gonar inabi, akwai kuma bodega, wato gidan da ake matse inabin a mayar da shi giya. Yawon da kamfanoni ke shiryawa na bodega ne, kuma kowanne da ɗanɗanawa yake ƙarewa, kuɗin da ka biya ma na ɗanɗanawar ne. Mu mun yanke shawarar ba za mu shiga ba, wani kuma zai iya ganin babu laifi ya kalli injuna da ganguna ya fita kafin a zuba a kofi. Wannan tsakaninka ne da malaminka da zuciyarka. Abin da zan iya tabbatar maka shi ne gonakin kansu ba sa buƙatar tikiti, daga bakin hanya ake ganinsu, kilomita bayan kilomita.

Yankin ya kasu uku ga mai ziyara. Maipú ita ce mafi kusa, har jirgin ƙasa na cikin gari da suke kira Metrotranvía yana kaiwa can, kuma ita na fi ba ka shawara, domin nan ne cibiyar zaitun. Akwai gidajen matse man zaitun da ke karɓar baƙi, a nuna maka itatuwan da suka haura shekara 100, a nuna maka dutsen niƙa na dā da injin zamani, a ba ka burodi ka dangwala. Irin zaitun ɗinsu na gida, Arauco, manyan 'ya'ya gare shi, mansa kuma yana da ɗan yaji a maƙogwaro. Sai dai ka tambaya kafin ka biya, domin wasu gidajen sukan haɗa da giya a teburin ɗanɗanawa. Luján de Cuyo tana kudu da birnin, a nan tsofaffin gonakin inabi suke, da hanyoyi masu layin dogayen itatuwa da aka dasa don tare iska. Kwarin Uco kuwa, wanda ya haɗa Tupungato da Tunuyán da San Carlos, ya fi nisa, sai ka yi awa ɗaya da rabi a mota, amma shi ya fi kyan gani, domin gonakin sun hau daga kusan mita 900 har zuwa 1,500, tsaunuka kuma kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Wani dattijo mai gona ya bayyana mana dalilin da ya sa ake ta hawa sama da dashen. Da rana akwai zafi da haske mai ƙarfi, da dare kuma sanyi ya sauko daga dutse, sai 'ya'yan su nuna a hankali, fatarsu ta yi kauri, zaƙi ya taru ba tare da tsamin ya gudu ba. Bushewar iska tana hana funfuna, kuma tun da ba ruwan sama ke shayar da gonar ba, manomi ne ke yanke yawan abin da kowace kurangar za ta sha. Babban makiyinsu ƙanƙara ce, wadda kan faɗo a lokacin zafi ta tsiyata mutum cikin minti goma, shi ya sa za ka ga baƙar raga a shimfiɗe a kan gonaki da yawa. Irin inabin da ya yi musu suna, Malbec, asalinsa na kudu maso yammacin Faransa ne, kuma ana danganta shigowarsa da wani masanin noma Bafaranshe, Michel Pouget, wanda aka ɗauko a 1853 ya jagoranci makarantar noma. Amma noman bai bunƙasa ba sai bayan da layin dogo ya iso daga Buenos Aires a 1885, ya kawo baƙin haure daga Italiya da Sifaniya, ya kuma buɗe hanyar kasuwa.

Lokacin da za ka je kaka ce, kuma a ganina wannan shi ne babban rabonka. Za ka ga masu girbi da almakashi suna cika wani bokiti da ke ɗaukar kusan kilo 20, su saɓa a kafaɗa su ruga zuwa mota, su hau tsani su juye, a jefa musu ɗan kwabon shaida a cikin bokitin, wanda za su tara a canza musu da kuɗi. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga arewacin ƙasar da Boliviya. Na tsaya a bakin wata gona na kalle su kusan awa guda, kuma tun daga ranar ban sake kallon inabin kanti da ido ɗaya ba. Ba duk inabin ne ke zama giya ba: ana cin wani ɗanye, ana shanya wani ya zama zabibi, ana kuma dafa ruwan wani ya yi kauri a fitar da shi ƙasashen waje don zaƙaƙa lemo. Lardin ne kuma ke kan gaba a ƙasar wajen noman tafarnuwa.

Abinci yana buƙatar lura. Gasasshen naman shanu shi ne abin alfaharin ƙasar, amma a kan waya ɗaya ake gasa shi da tsiran alade da suke kira chorizo da wani na jini mai suna morcilla, kuma yanka irin namu ba abu ne mai sauƙin samu ba a gidajen abinci. Wasu miyar ma da giya ake dafa su, har da wani dafaffen nama na gargajiya. Mu mun rayu a kan kifin ruwan sanyi da suke kira trucha, da humita wadda ake yi da ɗanyar masara, da tomaticán na tumatir da ƙwai, da taliya, da 'ya'yan itatuwa daga babbar kasuwar tsakiyar gari. Ka haddace kalmomi uku: sin cerdo, ba alade, sin vino, ba giya, da jugo de uva sin alcohol, ruwan inabi marar sa maye. Ka kuma tambayi irin kitsen da aka kwaɓa fulawa da shi kafin ka sayi empanada, wato samosarsu.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Malam Injiniya da Hajiya, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki a kan bambancin gona da bodega ta cire mini nauyi, domin dā ina zaton ba a ganin ɗaya sai ta ƙofar ɗaya. Yanzu na lura kwanakina za su faɗa daidai makon farko na Maris, kuma abokin nawa ya ce lokacin babban bikin girbinsu ne. Shin wannan alheri ne gare ni ko in kauce masa? Sannan tsaunukan da nake ta gani a hoto, mutumin da bai taɓa hawan dutse ba kuma ya haura shekara hamsin zai iya kusantarsu?

Mahayin Dutse ya rubuta:

Ranka ya daɗe, zan fara da ta biyun domin ita na fi sani. Ba ka buƙatar igiya ko takalmin hawa, mota ce za ta kai ka. Babbar hanya mai lamba 7, wadda ta haɗa Mendoza da Santiyago ta Cile, ita za ka bi, kuma yini guda ya isa zuwa da dawowa idan ka yi sammako. Za ka wuce tafkin Potrerillos da Malam Injiniya ya ambata, ka sauka garin Uspallata a kan kusan mita 1,900 ka karya kumallo, daga nan hanyar ta shiga kwazazzabon kogin Mendoza, tana tafe kafaɗa da kafaɗa da tsohon layin dogon da aka buɗe a 1910 aka daina amfani da shi a 1984, gadojinsa da rumfunansa na tare ƙanƙara suna nan sun yi tsatsa. A kusan mita 2,700 akwai Puente del Inca, wata gada da ba mutum ya gina ba, ruwan zafi mai ma'adinai ne ya rina ta rawaya da ja. An hana hawa kanta, daga gefe ake kallo. A can baya za ka hango 'yar majami'a ita kaɗai, ragowar wani otal da zaftarewar ƙanƙara ta share a 1965.

Kaɗan gaba da nan ne mashigar Horcones, inda za ka sauka ka yi tafiyar awa ɗaya ko biyu a kan hanya mai sauƙi, ka tsaya fuska da fuska da dutsen Aconcagua. Tsayinsa mita 6,961, babu dutsen da ya kai shi a duniya idan ka fita daga nahiyar Asiya. Masu hawansa sukan yi kusan mako uku, kai kuwa kallo ya kai ka. Amma kada ka raina mita 2,900 ɗin da kake tsaye a kai: ka yi tafiya a hankali, ka sha ruwa da yawa, ka tafi da rigar sanyi ko da gumi kake yi a birni, kuma idan kana da ciwon zuciya ko hawan jini ka tuntuɓi likitanka kafin ka taso. Wasu motocin sukan ƙara hawa wata karkatacciyar hanyar ƙasa zuwa kan iyaka a sama da mita 3,800, inda aka kafa wani gunki a 1904 don tunawa da sulhun ƙasashen biyu. Ni a can kaina ya sara, ban ga abin da ya kai wahalar ba. Ka riƙe fasfonka a aljihu ko da ba ƙetarawa za ka yi ba.

Ta wannan yanki ne wani ɓangare na rundunar José de San Martín, jagoran yaƙin neman 'yancin kai, ya ƙetara a farkon 1817, rundunar da ya haɗa a Mendoza ya ci Sifaniyawa da ita a Chacabuco da ke Cile ranar 12 ga Fabrairu. Kaso mai yawa na dakarunta masu yaƙi a ƙafa baƙaƙen fata ne, bayin da aka yi wa alkawarin 'yanci, kuma abin tunawa da ke kan Cerro de la Gloria na wannan runduna ne.

Bikin kuwa, Vendimia, tun 1936 ake yin sa. Matsalarsa a gare ka ta masauki ce, domin ɗakuna kan ƙare kuɗinsu ya tashi, saboda haka ka kama naka tun yanzu. Jerin gwanon safiyar Asabar a titi ake yin sa kyauta, kowace gunduma da motarta da mahaya dawaki cikin kayan gargajiya, ana jefa wa 'yan kallo inabi da tuffa har da kankana, sai ka kare kanka. Wannan za ka iya kallo. Taron dare na filin Frank Romero Day kiɗa ne da rawa da naɗin sarauniya, ina jin ba naka ba ne. Wani abu kuma da zai ruɗe ka: agogon ƙasar ya yi wa ranar Mendoza gaba, don haka a lokacin rana ba ta kaiwa tsaka sai wajen ƙarfe 2 saura kwata, ba ta kuma faɗuwa sai bayan ƙarfe 8. Ka gyara lokutan sallarka da na wurin, kada ka bi abin da ka saba.

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Da izinin manya, ina da ɗan gyara a kan bayanin Malam Injiniya. Duk abin da ya faɗa haka yake, amma ya tsaya a inda ruwan ke shiga, bai bi shi zuwa inda ya daina fita ba. Kogin Mendoza dā yakan wuce birnin ya malala arewa maso gabas zuwa tafkunan Guanacache, inda mutanen Huarpe ke kamun kifi da kwale-kwalen iwa. Yayin da gonakin inabi suka faɗaɗa bayan zuwan layin dogo, ruwan ya riƙa ƙarewa tun a sama, tafkunan suka janye, yawancinsu suka zama busasshen fili. Jikokin mutanen da suka fara haƙa magudanan suna nan a gundumar Lavalle, suna kiwon awaki a cikin yashi, suna ɗiban ruwan rijiya mai gishiri. Dokar 1884 da ake yabo ta ba masu takardar fili haƙƙi, su kuwa ba su cikin lissafin.

Yanzu ma ruwan ba ya isa. Tun wajen 2010 dusar ƙanƙara ta yi ƙaranci shekaru a jere, kuma sababbin gonakin kwarin Uco da yawa rijiyoyin burtsatse suke sha, suna ɗiga wa kuranga ruwa ta bututu. A Disamban 2019 majalisar lardin ta sassauta doka mai lamba 7722, wadda tun 2007 ta hana amfani da wasu sinadarai masu guba wajen haƙar ma'adinai, sai jama'a suka cika tituna, kuma cikin 'yan kwanaki aka janye gyaran. Idan mai tambaya ya ga wannan lamba a rubuce a bango, abin da take nufi ke nan.

Injiniyan Ban-Ruwa ya rubuta:

Gyaranka ya karɓu, ɗan'uwa, kuma ban musa ko kalma ɗaya ba. Na tsaya a kan wata gada a ƙasan madatsar Cipolletti na ga gadon kogin babu komai sai duwatsu, kuma ya kamata in faɗi hakan tun farko. Malam mai tambaya, idan kwana biyar ɗin sun tabbata, ka ba birnin ɗaya, Maipú ɗaya, tsaunuka ɗaya, kwarin Uco ɗaya, na biyar kuma ka nemi direban da ya san Lavalle ya kai ka ka ga ƙarshen magudanar. Ka yi cinikin motar ranar da za ka hau, domin farashi a kuɗin peso ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da za ka saya kuma ka saye shi kafin ƙarfe 1 na rana, saboda yawancin shagunan garin sukan rufe don barcin rana, ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe 5, gidajen abinci kuwa ba sa fara ba da na dare kafin ƙarfe 8 da rabi.